Kun Tambaya, Mun Amsa: Su Wane Ne Gwanaye Biyar na Rukunin ACC?

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka da gardamar su wa suka cancanci shiga sahun biyar na rukunin ACC tun kafuwarsa. Mun haɗa masu kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

Assalamu alaikum Malam. Ina jin ana cewa wane ɗan ACC ne, wane ɗan Big Ten. Mene ne wannan rabe-raben? (Mai karatu daga Zariya)

Wa alaikumus salam. Jami'o'in da ke buga matakin farko a ƙarƙashin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, sun haura 350, don haka ba yadda za a yi kowa ya kara da kowa. Sai aka kasa su rukuni-rukuni. 'Yan rukuni ɗaya suna fafatawa a tsakaninsu cikin hunturu, a watan Maris su yi gasar sili-ɗaya-ƙwale ta rukuninsu, daga nan a wuce gasar ƙasa baki ɗaya.

ACC, wato Atlantic Coast Conference, an kafa shi a watan Mayun 1953 a garin Greensboro da jami'o'i bakwai: Clemson, Duke, Maryland, North Carolina, NC State, South Carolina da Wake Forest. Virginia ta shigo a ƙarshen shekarar. Huɗu daga cikinsu a jihar North Carolina suke, kuma tsakanin Duke da ke Durham da North Carolina da ke Chapel Hill bai kai kilomita 20 ba. Gaba tsakanin maƙwabta, ka san ta fi zafi.

Abin da ke rikita masu zaɓe shi ne shiga da fita. South Carolina ta fice a 1971, Georgia Tech ta shigo a 1979, Syracuse a 2013, Maryland ta koma Big Ten a 2014, a 2024 kuma aka ƙaro Stanford da California da SMU. Ƙa'idar da muke bi: ana duba rukunin da makarantar take ciki lokacin da ɗan wasan ya buga. Carmelo Anthony ya ci wa Syracuse kofin ƙasa a 2003, amma lokacin tana Big East, saboda haka ba ya cikin lissafi. Len Bias na Maryland kuwa ɗan ACC ne cikakke, ko da yake makarantarsa ta yi ƙaura daga baya.

Malam, ni da abokaina a majalisa mun gwada zaɓen, sai abin ya koma musu kawai. Akwai tsarin da ake bi? (Daga Maraɗi)

Akwai, kuma rashinsa ne ya mayar muku da zaman musu. Kafin a ambaci sunan kowa, ku fara yarda a kan abin da ake aunawa: wasan da mutum ya yi a jami'a kaɗai. Abin da ya yi a NBA, gasar ƙwararru, a ajiye shi gefe. Nan ne yawancin jerin sunaye ke lalacewa, domin mutane suna tuna zoben NBA su manta tambayar da aka yi.

Sai ku yarda cewa ƙungiya kuke haɗawa wadda za ta iya shiga fili: mai raba ƙwallo ɗaya, 'yan gefe biyu, dogaye biyu. Idan kuka jera dogaye huɗu da Michael Jordan, wa zai fito da ƙwallo daga baya?

Na uku shi ne mai wahala, kuma a nan muke so ku daɗe. Alƙaluman zamani daban-daban ba a ɗora su a sikeli ɗaya, saboda dokokin sun sha bamban ƙwarai. Kafin kakar 1972-73 ba a barin ɗan shekarar farko ya buga wa babbar ƙungiya, don haka mutanen da shekara uku kawai suka samu. Jimillar makinsu dole ta gaza ta wanda ya yi huɗu. Daga 1967 zuwa 1976 an haramta dankara ƙwallo cikin kwando da hannu. Layin maki uku bai zama doka a ƙasa baki ɗaya ba sai kakar 1986-87, ko da yake ACC ya gwada wani gajeren layi a 1982-83. Agogon da ke tilasta wa ƙungiya ta yi jifa ya zo a 1985-86 da daƙiƙa 45, aka rage zuwa 35 a 1993, sannan 30 a 2015. Kafin agogon, ƙungiya na iya riƙe ƙwallo har illa masha Allahu. A gasar ACC ta 1968 NC State ta doke Duke da ci 12 da 10, wasa guda cur na minti 40. Wasan ƙarshe na gasar ACC ta 1982, da Jordan da James Worthy da Ralph Sampson duk a fili, ya tashi 47 da 45. Wanda ya ci maki 17 a irin wannan wasa ya yi aikin da ya fi na mai cin 25 a yau.

Akwai kuma batun kofi. Kafin 1975 ƙungiya ɗaya tak kowane rukuni ke turawa gasar ƙasa. A 1974 Maryland, da John Lucas da Len Elmore da Tom McMillen, tana cikin mafiya ƙarfi a Amurka, amma NC State ta doke ta 103 da 100 bayan ƙarin lokaci a wasan ƙarshe na ACC, shi ke nan ta rasa gurbi. Wanda ya ce zai rage wa Lucas daraja don bai taka rawa a gasar ƙasa a shekarar ba, bai san dokar lokacin ba.

Ma'aunin da ya fi tsira daga waɗannan matsaloli shi ne kyautar gwarzon ɗan wasan ACC na shekara, da ta gwarzon ƙasa, domin suna gwada mutum da sa'o'insa ne. Ku fara da su, ku duba maki a kowane wasa maimakon jimilla, sannan ku duba me ya yi a watan Maris.

Ranka ya daɗe, ai babu ko tantama Michael Jordan ne na farko. Ko akwai mai ja? (Daga Sabon Zongo, Accra)

Akwai, ɗan'uwa, kuma mu ma muna cikinsu. Jordan yana cikin biyar ɗinmu, amma sunan da muke fara rubutawa David Thompson ne na NC State.

Ga hujja. Jordan ya yi shekara uku a North Carolina, 1981 zuwa 1984, yana cin maki 17.7 a kowane wasa. Jifansa ne ya kawo kofin ƙasa na 1982 a kan Georgetown, 63 da 62, amma a daren James Worthy ne ya ci 28 kuma shi aka ba kyautar gwarzon gasar. Jordan ya zama gwarzon ACC sau ɗaya, a 1984, shekarar da Indiana ta fitar da su tun zagayen 'yan 16. Gaskiya tsarin kocinsa Dean Smith na raba jifa tsakanin kowa ya danne alƙalumansa, kuma a shekararsa ta ƙarshe babu ɗan jami'ar da ya kai shi a ƙasar. Wannan ya ishe shi shiga.

Thompson kuwa shekara uku ya buga, sau uku ya zama gwarzon ACC: 1973, 1974, 1975. Makinsa 26.8 a kowane wasa, babu layin maki uku, babu dankarawa. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 4 ne kawai, amma tsallensa ya sa abokin wasansa Monte Towe kan cilla masa ƙwallo sama da bakin kwando, ya cafe a iska ya sake ta a hankali ta faɗa, tun da doka ta hana shi ya danna. A kakarsa ta farko NC State ta ci wasa 27 ba a doke ta ba, sai dai hukuncin NCAA ya hana ta zuwa gasar ƙasa. A ta biyu ta ci 30 ta faɗi ɗaya, ta doke UCLA ta Bill Walton 80 da 77 bayan ƙarin lokaci biyu, ta katse mata kofuna bakwai da ta ɗauka a jere, sannan ta gama da Marquette a wasan ƙarshe. Wasa 57 cikin 58 a kaka biyu. Jordan da kansa, da zai shiga zauren girmamawa na ƙwallon kwando a 2009, Thompson ya zaɓa ya gabatar da shi.

Dalilin da ya sa matasa ba su san shi ba shi ne rayuwarsa ta ƙwararru ta gajarce saboda rauni da shaye-shaye, kuma hotunan bidiyon zamaninsa kaɗan ne.

Malam, a dogaye fa? Ni Tyler Hansbrough nake gani, tun da ya fi kowa maki. (Daga Jos)

Ya fi kowa, hakane: maki 2,872 a North Carolina, kuma ya ɗauki kofin 2009. Amma wannan misali ne na tarkon jimilla da muka faɗa. Shekara huɗu cif ya yi a ƙungiyar koci Roy Williams mai gudu, kuma 982 daga makin nan daga layin jifan kyauta suka fito. Jarumi ne mai naci a ƙarƙashin kwando, sai dai tsaronsa bai kai na mutum ukun da ke gabansa ba. Benci ne wurinsa.

Gurbi biyu ne, mutum uku ke nema: Christian Laettner, Ralph Sampson, Tim Duncan.

Laettner ba a taɓa shi, duk da ƙin jininsa da magoya bayan sauran makarantu ke yi har gobe. Shekara huɗu a Duke, sau huɗu yana kaiwa zagayen 'yan huɗun ƙarshe, kofi biyu a 1991 da 1992. Maki 407 ya ci a wasanni 23 na gasar ƙasa. A 1991 jifan kyautarsa biyu ne suka kayar da UNLV 79 da 77, ƙungiyar da ba a doke ta ba duk kakar. A 1992 da Kentucky ya yi jifa goma duk suka shiga, jifan kyauta goma duk suka shiga, kuma saura daƙiƙa 2.1 Grant Hill ya cillo masa ƙwallo daga can ƙarshen fili, ya juya ya jefa, aka tashi 104 da 103. A NBA bai zama abin da aka zata ba, amma mun riga mun ce ba a nan ake aunawa ba. Wani amfaninsa ga wannan ƙungiya shi ne yana jifa daga nesa. A shekararsa ta ƙarshe fiye da rabin jifansa na maki uku sun shiga. Zai ja mai tsaronsa waje, ya buɗe wa Thompson da Jordan hanya.

Saura Sampson da Duncan, kuma duk wanda ka ajiye sai an zage ka. Sampson, mai ƙafa 7 da inci 4, ya zama gwarzon ACC sau uku, 1981 zuwa 1983, ya kuma ɗauki kyautar Naismith ta ƙasa sau uku. A takarda ya fi. Amma Virginia ba ta ci gasar ACC ko sau ɗaya ba a zamaninsa, sau ɗaya ta kai 'yan huɗun ƙarshe da shi a 1981, kuma abin mamaki ta sake kaiwa a 1984 bayan ya tafi. A Disambar 1982 wata ƙaramar makaranta a Hawaii, Chaminade, ta doke su suna na ɗaya a ƙasa. Yana kuma da son fita gefe ya yi wasa kamar gajere.

Duncan, wanda ya taso a tsibirin St. Croix yana ninƙaya kafin ya koma kwando, ya yi shekara huɗu a Wake Forest: maki 2,117, ya cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 1,570, ya buge jifan abokan hamayya sau 481. Gwarzon ACC ne a 1996 da 1997. Wake Forest ta ci gasar ACC a 1995 da 1996 a jere, alhali rabonta da ita tun farkon shekarun 1960. A yi adalci, ta 1995 Randolph Childress ne ya ɗauke ta a ka da maki 107 a wasa uku. Duk da haka Duncan muka ɗauka, saboda ƙungiyar da ke da Thompson da Jordan ba ta neman ƙarin mai son ƙwallo a hannu. Tana neman wanda zai tsaya ƙarƙashin kwando ya tsare gida, ba ya yawan laifi, don a jami'a laifi biyar ke fitar da mutum. Wanda ya saka Sampson bai yi kuskure ba. Wanda ya saka su biyun ya ajiye Laettner, shi ne muke da magana da shi.

Chris Paul ne mai raba ƙwallo ko Kyrie Irving? (Wata mai karatu daga Kaduna)

Ko ɗaya, Hajiya. Irving wasa 11 kacal ya buga wa Duke saboda ciwon yatsan ƙafa. Paul ya yi shekara biyu masu kyau a Wake Forest, amma bai zama gwarzon ACC ba kuma bai wuce zagayen 'yan 16 ba.

Takarar tsakanin Phil Ford ce da Bobby Hurley. Hurley ya miƙa ƙwallon da aka ci sau 1,076, babu ɗan ACC da ya kai shi, ga kofi biyu da Duke. Ford ya buga wa North Carolina daga 1974 zuwa 1978, maki 2,290 da miƙawa 753, gwarzon ACC da na ƙasa a 1978. Shi ne injin dabarar kusurwa huɗu ta Dean Smith: mutum huɗu su tsaya a kusurwoyin rabin fili, Ford na tsakiya yana yawo da ƙwallo. Idan ka matso shi kaɗai ya wuce ka, idan kuka zo ku biyu ya miƙa wa wanda aka bari, idan ka yi masa laifi ya ci jifan kyauta. Irin wannan riƙon ne ya taimaka wajen kawo dokar agogo. Kofin ƙasa ya kuɓuce masa a wasan ƙarshe na 1977 a hannun Marquette, yana fama da ciwon gwiwar hannu. Ford muka zaɓa, don yana iya ci da kansa idan an toshe sauran, abin da Hurley bai kai shi ba.

Zion Williamson fa? Ban taɓa ganin irinsa ba. (Daga Garwa)

Kakarsa ta 2018-19 abin kallo ce: maki 22.6 a wasa, kashi 68 cikin ɗari na jifansa na shiga. Amma wasa 33 ne gaba ɗaya, kuma Michigan State ta tsayar da Duke kafin 'yan huɗun ƙarshe. Shawararmu ku yi jeri biyu, ɗaya na kaka guda mafi kyau, ɗaya na zaman jami'a gaba ɗaya. A na farkon Zion da Cooper Flagg, duk na Duke, na da wuri, tare da Lennie Rosenbluth na 1957, wanda North Carolina ɗinsa ta ci wasa 32 ba faɗuwa ta doke Kansas ta Wilt Chamberlain 54 da 53 bayan ƙarin lokaci uku. A na biyun ku sa sharaɗin aƙalla kaka biyu, in ba haka ba gardamar ba ta da ƙarshe.

Malam, ina Hakeem Olajuwon? Ko son kai ne irin na Turawa? (Daga Kano)

Ba son kai ba ne, Alhaji, rukuni ne ya bambanta. Hakeem a jami'ar Houston ya yi wasa, lokacin tana Southwest Conference, wanda ya watse a 1996. Alaƙarsa da ACC mai ɗaci ce: NC State ta koci Jim Valvano ce ta doke Houston 54 da 52 a wasan ƙarshe na 1983, da Lorenzo Charles ya cafe wani gajeren jifa ya dankara ana busa tashi. Duk da faɗuwar, Hakeem aka ba gwarzon gasar. Bayan shekara ɗaya aka ɗauke shi na farko a NBA, Jordan na uku, Hakeem ya je ya tarar da Sampson a Houston Rockets.

'Yan asalin Najeriya da suka buga a ACC suna da yawa. Obinna Ekezie ya yi Maryland a ƙarshen shekarun 1990. Al-Farouq Aminu ya yi Wake Forest daga 2008 zuwa 2010, kuma yana cikin D'Tigers, ƙungiyar Najeriya, da suka ɗauki kofin Afirka a Tunisiya a 2015, tare da Michael Gbinije na Syracuse. Josh Okogie, haifaffen Legas, ya yi Georgia Tech, Jordan Nwora ya yi Louisville. Wanda ya fi su tashe a rukunin shi ne Jahlil Okafor, ɗan shekarar farko na farko da ya zama gwarzon ACC, a 2015, shekarar da Duke ta ɗauki kofi. Shi da Okogie da Nwora sun wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Tokyo. Sai dai Okafor kaka ɗaya ya yi, don haka sharaɗin da muka kafa ya hana shi.

To ku faɗa mana benci da koci. (Daga Damagaram)

Biyar ɗin su ne Ford, Jordan, Thompson, Laettner da Duncan. A benci Sampson ne na farko, sai Len Bias, gwarzon ACC a 1985 da 1986, wanda ya rasu kwana biyu bayan Boston Celtics ta ɗauke shi. Sai Hurley, da Grant Hill don yana iya tsaron gurbi uku, da Hansbrough. Ana buƙatar mai jifan nesa tsantsa tun da uku daga cikin biyar ɗin farko ba su saba da layin maki uku ba, saboda haka J.J. Redick, mai jifa 457 na maki uku, ya samu kujera. Ta ƙarshe muka ba Charlie Scott, baƙar fata na farko da North Carolina ta ba gurbin karatu na wasa, wanda ya ci wa makarantar maki 40 a kan Duke a wasan ƙarshe na ACC a 1969. Shane Battier da James Worthy da Danny Ferry sun tsaya a bakin ƙofa, kuma mun san wasiƙu za su zo a kansu.

Koci kuwa, Mike Krzyzewski ya riƙe Duke daga 1980 zuwa 2022, kofin ƙasa biyar, gasar ACC 15. Dean Smith ya riƙe North Carolina daga 1961 zuwa 1997, kofin ƙasa biyu, gasar ACC 13, nasara 879, kuma shekarunsa goma sha uku na farko ya yi su ne a ƙarƙashin dokar ƙungiya ɗaya daga rukuni. Krzyzewski muka ba, don bayan kofunan ya nuna ya iya haɗa manyan taurari a ƙungiya ɗaya lokacin da ya ci wa Amurka zinare a Olamfik na 2008 da 2012 da 2016. Mai karatu mai lura zai ce mun karya ƙa'idarmu ta duba jami'a kaɗai. Ya yi gaskiya, amma ko an cire Olamfik, biyar ta fi biyu.